Yadda zaka je tafkin Caddo ka ganshi da kyau, ba wai ka ɗau hoto ka juya ba

'Yan uwa mazauna Texas da Louisiana, musamman na Houston da Dallas masu cewa ƙasar nan ba abun gani sai kwalta da manyan shaguna, akwai wani tafki a kan iyakar jihohin biyu ana ce masa Caddo, faɗinsa ya kai eka dubu 25 da ɗoriya, kuma yawancinsa ba buɗaɗɗen ruwa bane, daji ne tsaye a cikin ruwa. Bishiyoyin saifires ne dubbai, gindinsu a kumbure, wani tsiro toka-toka yana reto daga rassansu har ya kusa taɓa ruwa. Mutane da yawa suna zuwa da tsakar rana, su tsaya a bakin gaɓa, su ɗauki hoto biyu su koma mota suna cewa ai sun gani. Wallahi basu ga komai ba. Wajen nan sai ka shiga cikinsa a hankali, da sassafe, kuma ka san labarinsa kafin kaje, shine zai buɗe maka.

Fara da zaɓen lokaci domin shine rabin tafiyar. In don kyan gani zaka je, to daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Saifires dangin bishiyoyi masu ganye siriri ne irin waɗanda basa kaɗe ganye, amma shi yana zubar da nasa duk shekara, kuma kafin ya zubar sai ya rine ya koma ja-ja da ruwan goro, tafkin gaba ɗaya ya canza kala. A wannan lokacin ruwa ya fi iska ɗumi da asuba, shi yasa hazo yake tashi a saman ruwan kafin rana ta ƙona shi. In kuma tsuntsaye kake so da furanni, Afrilu da Mayu. Yuli da Agusta kam ni bazan ba kowa shawara ba, zafi yana wuce digiri 35 a ma'aunin Celsius ga gumi ga sauro, yara zasu galabaita kai ma ranka zai ɓaci. Daga Nuwamba zuwa Janairu akwai masu farautar agwagi a wasu sassan tafkin, zaka ji harbi da asuba kada hankalinka ya tashi, amma in kaga wata bukka a kan ruwa an lulluɓe ta da rassa to ta mafarauta ce, ka bata tazara.

Hanya ba wuya. Daga Dallas ka hau I-20 gabas har garin Marshall, sai ka kama 43 arewa zuwa Karnack, kusan awa uku. Daga Houston ka bi 59 arewa har Marshall ɗin, awa huɗu ko fiye kaɗan. Wanda zai zo ta jirgi, filin Shreveport ya fi kusa, bai kai awa ɗaya a mota ba. Ka sha mai a Marshall, ka sayi ruwa da abinci a can, domin ƙauyukan bakin tafkin ƙanana ne sosai, wanda ake kira Uncertain mutanensa ko ɗari basu kai ba kuma shaguna suna rufewa da wuri.

Masauki mafi sauƙi ga mai iyali shine gandun shaƙatawa na jiha da ke kusa da Karnack. Akwai ɗakunan katako da dutse da matasan shirin CCC suka gina a shekarun 1930, lokacin da tattalin arziki ya karye gwamnatin Roosevelt ta ɗebi samari marasa aiki ta basu aikin gina irin waɗannan wurare, har yau ginin yana nan daram. Sai dai ka kama ɗaki ta intanet da wuri, watanni kafin Nuwamba, in ba haka ba bazaka samu ba. Wani abu da mutane basa sani sai sun iso, gandun ba a bakin babban tafkin yake ba, yana kan rafin Big Cypress ne wanda ke zuba cikin tafkin. Amma akwai wani ɗan kududdufi a ciki, Saw Mill Pond, da gadar katako ta shiga tsakiyar bishiyoyi, nan ne ya kamata ka fara tsayawa da asuba ko da baka da niyyar shiga ruwa. Ga masu sallah, alƙibla daga wannan yankin arewa maso gabas take, ka duba a waya tun kana da sabis domin cikin dajin yana ɗaukewa, masallatan da zaka samu kusa kuma suna Shreveport. Abincin yankin tarwaɗa ce soyayya da garin masara, tana da daɗi ƙwarai, amma ka tambaya a wane mai aka soya, kuma ka kula da wake da ganyen da ake kawowa a gefe don sau da yawa da naman alade suke dafa su.

To yanzu labarin, don in baka sanshi ba zaka ɗauka tafki ne kawai Allah Ya ajiye tun fil azal a haka. Sunan na mutanen Caddo ne, 'yan asalin ƙasar da suka zauna a yankin ɗaruruwan shekaru kafin Turawa, manoman masara da wake da kabewa, gwanayen ginin tukwane, masu tara tuddan ƙasa don ibada da binne manyansu. A labarinsu na kaka da kakanni girgizar ƙasa ce ta haifi tafkin bayan wani sarki ya ƙi jin gargaɗi. Masana ƙasa kuma yawancinsu sun tafi a kan wani abu daban: gumagumai. Kogin Red River yana cin gaɓarsa duk ambaliya, bishiyoyi suna faɗawa ciki suna cunkushewa, shekara bayan shekara har suka toshe kogin na tsawon fiye da kilomita 160, ciyawa da itatuwa suka tsiro a saman tarin. Ruwa ya rasa hanya sai ya koma baya ya cika kwarin Big Cypress, shine tafkin. Su kuma Caddo ɗin, a 1835 aka sa su rattaba hannu suka bar ƙasarsu ta Louisiana a kan dala dubu 80, suka koma cikin Texas, a 1859 aka sake kora su zuwa inda yanzu ake kira Oklahoma. Suna nan har yau, hedikwatarsu tana garin Binger. Ina so duk wanda zaije da yara ya faɗa musu wannan, kada su taso suna zaton sunan kawai ya rage.

Toshewar nan da ta ɗaga ruwa ita ta sa jiragen tururi suka iya tasowa daga New Orleans su bi ta Shreveport su ratsa tafkin har garin Jefferson, wanda ya zama babbar tashar jiragen ruwa a cikin ƙasar Texas. Auduga suke ɗauka, kuma bayi baƙar fata ne suka noma ta. A ƙidayar 1860 gundumar Harrison, wato inda Marshall da Karnack suke, ta fi kowace gunduma a Texas yawan bayi, sun fi rabin mutanen gundumar. Idan kaje Jefferson kaga titunan bulo da tsofaffin gidaje masu baranda ana nuna wa baƙi, kaje ka gani suna da kyau, amma ka riƙe a ranka gumin wa ya gina su. Hatsari mafi muni a tafkin ya faru a daren Fabrairun 1869, jirgin Mittie Stephens yana ɗauke da busasshiyar ciyawa a samansa, tartsatsi daga wutar da ake haska hanya da ita ya faɗa kai, wuta ta tashi, mutum 61 cikin 107 suka rasu duk da gaɓa bata da nisa.

Gwamnati dama tun da can tana son buɗe kogin. Kyaftin Henry Shreve ya fara fasa tarin a 1833 da jiragen da ya ƙera don cire gumagumai, ya gama a 1838, sunansa aka sa wa Shreveport, amma ba a jima ba abun ya sake haɗuwa. Sai a 1873 injiniyoyin soja ƙarƙashin Laftanar Eugene Woodruff suka tarwatsa shi da nakiya, shi kansa Woodruff cutar shawara ta kashe shi a shekarar. Da kogin ya buɗe ruwan tafkin ya riƙa janyewa, jiragen ƙasa kuma suka ƙwace ciniki, Jefferson ya kwanta. Tafkin ya zama fadama mai ruwa iya gwiwa, nan ne kusan 1909 aka gano lu'ulu'u a cikin kumbar ruwan, jama'a suka yi ta tururuwa da iyalansu suna kafa tanti suna laluben kumba a cikin laka da ƙafa da hannu. A 1911 kamfanin Gulf ya kafa turakun saifires a cikin ruwa kusa da garin Mooringsport na Louisiana ya haƙa rijiyar mai a kai, Ferry Lake No. 1, zurfin ƙafa 2,185, ganga 450 a rana, tana cikin rijiyoyin farko da aka haƙa a kan ruwa. A 1914 aka gina dam a Mooringsport ruwa ya dawo, zurfinsa ya fi ƙarfin masu lalube sana'ar lu'ulu'u ta mutu, aka sake sabon dam a 1971. Wato tafkin da zaka gani yau dam ne yake riƙe da shi, ka riƙe wannan don zamu dawo kansa.

Yanzu shiga ruwa. Hanya biyu ce. Ko ka biya mai jirgin inji a Uncertain ya zaga da kai awa ɗaya ko biyu, wannan ya fi ga mai tsofaffi da ƙananan yara da wanda bai iya ruwa ba, kuma direbobin sun san lungu-lungu. Ko kuma ka karɓi hayar kwale-kwale a gandun ko a wajen masu haya ka tuƙa da kanka. Ni dai nafi son na biyun nesa ba kusa ba, don ƙarar inji tana korar duk abun da kazo gani tun kafin ka iso. Amma in son samu ne ka yi duka, ranar farko da yamma ka bi mai inji ka gane yadda wajen yake, washegari bayan sallar asuba ka ɗauki filafili.

Abu na farko, rigar ceto. Kowa ya saka, ba a ajiye ta a ƙasan jirgi ba. Dokar Texas ta tilasta wa yara 'yan ƙasa da shekara 13, amma babba ma dan Allah ka saka, ruwan ba zurfi sosai a wurare da yawa sai dai ƙasansa laka ce mai riƙe ƙafa ga saiwoyi da kututture da baka gani. Mai nauyi ya zauna baya shi ke juya jirgin, ba a miƙewa tsaye a ciki, in jirgin inji ya wuce ka juya hancin naka ya fuskanci igiyar ruwan kada ta buge ka ta gefe.

Abu na biyu kuma shine wanda ya fi muhimmanci, ɓata. Tafkin nan yana ɓatar da mutane, ba wasa ba, saboda ko ina iri ɗaya ne, ka shiga wani lungu ka juyo sai kaga hanyoyi uku kuma duk kama ɗaya. An kafa turaku a cikin ruwa da alamun harafi da lamba, su ne titunan jirgi, kuma hukumar gandun daji ta Texas ta fitar da hanyoyin kwale-kwale guda 10 masu alama da suka haura mil 50 in an haɗa, irin su Hell's Half Acre da Cathedral da Carter's Chute da Turtle Shell. Ka karɓi taswirar takarda ka saka ta a leda, ka sauke wata a waya tun daga masauki, ka faɗa wa wani inda zaka bi da lokacin da zaka dawo. Ƙa'idar da zan baka mai sauƙi ce: kada ka bar turken da kake gani sai ka hango na gaba. In kana son leƙa wani lungu ka leƙa, amma turken baya ya zauna a idonka. Kuma ka riƙa waiwaye kana kallon yadda hanya take ta baya don haka zaka ganta a dawowa. Ka juyo tun rana tana sama, cikin bishiyoyin duhu yana rigan waje shigowa, ka tafi da tocila da usur ko ba komai.

Sannan rina. Wannan ba kowa zai faɗa maka ba, a lokacin zafi suna rataye sheƙarsu a ƙananan rassan da suka sunkuyo kan ruwa, kai kana ƙoƙarin kama reshe ka tsayar da jirgi sai ka ji wuta a wuya, kuma yawan kifewar kwale-kwale daga irin wannan firgitar take. Ka duba reshe kafin ka kama, ka bi tsakiyar hanya.

In ka samu inda ba motsi, ka ɗora filafili a cinya ka yi shiru na minti goma. Ka matsa kusa da gindin bishiya ɗaya ka dube ta sosai. Zaka ga ƙasanta ya buɗe ya yi faɗi da kwari-kwari, akwai wani layi baƙi a jikin ɓawon wanda ke nuna inda ruwa ya kai a ambaliyar baya, wani lokaci sama da kanka kana zaune. Kewaye da ita wasu tsinin itace sun ɓullo daga ruwa, gwiwoyi ake ce musu, daga saiwa suke fitowa, wasu masana sunce suna taimaka mata ta kafu a laka wasu sunce iska suke kai wa saiwa. Itacen tsohuwar bishiyar baya ruɓewa da wuri shi yasa aka sare da yawa a da don gini da turaku. Jinsin yana daɗewa ƙwarai, a jihar North Carolina an samu wata da ta haura shekara 2,600, na Caddo basu kai haka ba amma akwai masu ɗaruruwan shekaru. Shi kuma tsiron nan mai reto ka kama ɗan kaɗan ka duba a tafin hannu, zare-zare ne masu lanƙwasa da ɗan gari-gari a jiki, in ruwa ya taɓa shi sai ya koma kore-kore. Baya da saiwa, baya shan jinin bishiyar, daga iska da ruwan sama yake ci, kuma abun mamaki dangin abarba ne. A da har katifa da kujerun mota ake cusawa da shi. Ka mayar inda ka ɗauka, kada ka kai mota, akwai ƙananan ƙwari a ciki.

Sai ka dudduba ka nemi ƙananan bishiyoyi, 'yan shekara biyar ko goma. A wurare da yawa bazaka gansu ba, kuma wannan shine abun da ya fi damuna a tafkin. Irin saifires baya tsira a ƙarƙashin ruwa, sai ya samu laka mai danshi da ruwa ya janye daga kanta, sannan tsiron ya yi tsayin da in ruwa ya dawo bazai shanye kansa ba. Da can ruwa yana hawa yana sauka, shekarar fari sai sabon daji ya tashi. Dam ɗin Mooringsport ya riƙe ruwa kusan waje ɗaya, wani dam kuma a sama, na Lake O' the Pines da aka gama a 1959, ya rage ambaliyar bazara da ke wanke laka. Ga wani ɓeran ruwa da aka shigo da shi daga Kudancin Amurka, nutiriya, yana cinye 'yan tsiron da suka samu suka fito. Wanda ya san Hadejia da Nguru zai gane maganar nan ba sai an yi masa dogon bayani ba, yadda dam ɗin Tiga da Challawa suka canza tafiyar ruwa kachala ta samu wuri ta toshe hanyoyin masunta, kuma wuraren biyu duk suna cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, Caddo ya shiga a 1993 Nguru a 2000. A Caddo an samu an zauna da injiniyoyin soja da hukumar ruwa ana sako ruwa daga dam ɗin sama a lokutan da suka yi daidai da yadda kogin yake yi a da, har a 2014 aka fara dawo da wani tsohon kifi mai dogon baki faffaɗa da ya ɓace daga yankin bayan gina dam ɗin.

Namun daji kuwa, tsuntsaye kaɗai sun haura iri 200, kifi fiye da iri 70. Kada ka tafi da jerin suna kana neman cikewa, ka bar su su zo. Zalɓe babba mai ruwan toka da fari tas zaka gansu tsaye a ruwa marar zurfi. Akwai wani baƙin tsuntsu da ke iyo jikinsa duk a nutse sai dogon wuya kawai a waje, in ya gama sai ya hau kututture ya baza fukafukai yana shanya. In kaji ana sara itace da ƙarfi daga nesa maƙwaƙwafi ne babba mai jan tukku, girmansa ya kai hankaka, ramukan da yake fafewa dogaye ne masu kusurwa huɗu. Mujiyar wajen tana kuka ko da rana. Agwagwar dajin da ta fi kowa ado a kogon bishiya take ƙwai, 'ya'yan kwana ɗaya da ƙyanƙyashewa suke dirowa daga sama su faɗa ruwa. A Afrilu wani ɗan tsuntsu rawaya shar yake isowa daga ƙasashen tsakiyar Amurka da Kolombiya, in ya gifta a cikin duhun bishiyoyin bazaka manta ba. Da sanyi kuma gaggafa mai farin kai tana zuwa. Wani lokaci zaka ji fantsama a bayanka ka juya kaga bayan wani ƙaton kifi mai sulke yana komawa, wannan yana iya kai mita 2, iska yake haɗiya a sama, baya taɓa mutum, sai dai ƙwansa guba ne ba a ci. Kififiya a jere kan gungume, karen ruwa in ka yi sa'a, da bado ya rufe wasu wuraren da rani. Madubin hangen nesa ko mai araha ne ka tafi da shi, ya fi maka kamarar waya amfani.

Kada fa akwai. Ba irin namu na kogunan Afirka bane, aligeta ne, bakinsa ya fi faɗi kuma ya fi tsoron mutum, yawanci yana jin motsinka zai nutse. Da sanyin Nuwamba ma da wuya ka ganshi don in gari ya yi sanyi daina ci yake ya lafe. Amma ka bashi tazarar mita 10, kada ka jefa masa abinci, laifi ne a Texas tarar har dala 500, kuma kadan da ya saba da hannun mutum ƙarshensa kashe shi ake yi. Kada yara su saka hannu ko ƙafa a ruwa, kada a yi wanka. Yuni da Yuli mata suna gadin ƙwai a kan tarin ciyawa a gaɓa, Agusta da Satumba suna tare da 'ya'ya, in kaga tari irin wannan ko kaji ƙananan kuka ka ja baya. Maciji mai dafi da ya kamata ka sani baƙi ne mai kauri, in ya ji tsoro sai ya wangale baki kaga cikinsa fari, ka bashi hanya shikenan, in tsautsayi ya faɗa 911 da asibiti, ba tsaga ba ɗauri ba tsotsa. A tudu kuma kaska da jan tururuwa mai cizo, ka sa dogon wando ka cusa a safa ka fesa magani, in kun dawo a duba jikin yara.

Masu son kamun kifi, daga gaɓa ko gadar cikin gandun jiha ba sai da lasisi ba a Texas, amma da zaran ka fita cikin tafkin sai da shi. Kuma hukumar lafiya ta jihar ta daɗe da gargaɗi kan sinadarin makuri a wasu kifayen tafkin musamman manyan kifin da ake kira bas, don haka ka karanta allon da ke bakin ruwa kafin ka soya wa mai ciki ko ƙananan yara.

In kana da kwana na biyu kaje gandun namun daji na tarayya da ke Karnack, shiga kyauta ne. Wajen da can masana'antar makamai ce ta soja, Longhorn, an buɗe ta a 1942 ana yin nakiyar TNT, a 1988 kuma nan aka fara lalata makamai masu linzami na Pershing a gaban masu sa ido na Tarayyar Sobiyet bayan yarjejeniyar rage makamai, a 2000 aka mayar da shi gandu. Zaka bi tsofaffin tituna kaga kangayen siminti daji ya cinye su, barewa tana kiwo a gefe. Ka tsaya a kan hanyar da aka yarda don har yanzu akwai sassan da ake tsaftacewa daga guba. Karnack ɗin kuma nan aka haifi Lady Bird Johnson a 1912, matar shugaba Lyndon Johnson. Ta ɓangaren Louisiana akwai tsohuwar gadar ƙarfe ta 1914 a Mooringsport wadda a da ake ɗaga tsakiyarta jirgi ya wuce, yanzu ta masu tafiya a ƙafa ce, da gidan tarihin man fetur a Oil City.

Abu na ƙarshe kafin ka kama hanyar gida, kuma dan Allah kada ka raina shi. Zaka ga wasu wurare ruwan ya rufe da wani koren tsiro mai yawo har ka ɗauka fili ne zaka iya takawa. Salbiniya kenan, daga Brazil ta fito, an fara ganinta a Caddo a 2006, in yanayi ya yi mata daidai cikin mako ɗaya take ninka kanta. Ka ɗauki ɗaya ka duba, ganyen bai wuce farcen babban yatsa ba, samansa cike da gashi mai tsaye wanda ruwa baya jiƙawa. Tana toshe haske, iskar cikin ruwa ta ƙare, kifi ya gudu ko ya mutu, jirgi ya kasa wucewa. Ana fesa mata magani, mutanen Uncertain kuma sun gina rumfa suna kiwon wani ɗan ƙwaro da baya cin komai sai ita suna sakewa a tafkin, sai dai sanyi mai tsanani yana kashe ƙwaron sai an sake. Guntu ɗaya da ya maƙale a jirgi ko tirela ko takalmi ya isa ya kai ta wani tafkin, shi yasa doka ta hana fita da ita kuma ana cin tara. In jirgin naka ne ka tsaya a bakin ruwa ka tsince duk wani ganye, ka zubar da ruwan cikinsa a nan, ka wanke ka bar shi ya bushe sarai kafin ka sake saka shi a wani ruwan. In na haya ne ma ka duba filafili da takalmanka da na yara, da ƙasan akwatin sanyi in kun ajiye shi a gaɓa.